Kawu Mai Gyaran Tsofaffin Littattafai

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar wata Talata, ana saukowa daga sallar Azahar, Kawu ya cika a ɗakinsa a nan Kontagora. Bayan La'asar aka kai shi makwancinsa. Shi ne wan mahaifiyata, kuma tun da ita ta rasu shi ya zame mini uwa da uba, har na yi aure na haihu, har na fara furfura.

Ina cikin gida wajen mata a kwanakin zaman makoki. Kowa ta shigo sai ta faɗi abin da aka saba faɗa, mutumin kirki ne, Allah Ya ji ƙansa. Wata maƙwabciya ta ƙara da cewa ai Malam bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Matarsa, wadda muke kira Baaba, tana jingine da bango cikin mayafi. Sai ta ɗago kai ta dubi matar.

"Ba ki taɓa kawo masa littafin da aka liƙe da salatif ba ne," in ji ta.

Muka yi dariya hawaye na zuba. Ita ma Baaba ta murmusa, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska.

Abin da ya faru a ƙofar gida maigidana ne ya ba ni labari. Kawu Babba, wato yayan marigayin, shi ke karɓar gaisuwa. Kwana guda ya yi yana amsawa da ƙarfi, idonsa a bushe. A rana ta biyu wani dattijo ya iso daga Dukku a kan babur, rungume da ƙunshi a cikin leda. Bai ji rasuwar ba. Littafin kakansa ya kawo gyara, sai ya tarar da tabarmi da buta a ƙofa. Ya zauna ya yi addu'a, ya ɗora ƙunshin a cinya. Can ya ce, "To yanzu wa zan kai wa?" A nan ne, in ji maigidana, Kawu Babba ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suka fara rawa.

A rana ta uku wasu abokan aikina daga makarantar da nake koyar da Turanci suka zo mini gaisuwa. Da za su tafi ɗaya ta tambaye ni a hankali, wai sana'ar me marigayin yake yi, ta ji ana ta maganar ɗinki, tela ne? Ban ga laifinta ba. Amma tambayar ta tsaya mini a rai, ita ce ta sa na ɗauki biro.

Kawu ɗan baduku ne. Mahaifinsu yana ɗinka gafaka, jakar fata ta saka littafi, da tadarishi, bangon fata mai tauri da ake rufe warƙoƙin Alƙur'ani rubutun hannu a ciki. Yana saurayi ya tafi Kaduna, ya sami aikin shara a wani gidan adana kayan tarihi. Daga tsintsiya aka ga hannunsa, aka matsar da shi ɗakin gyaran takardu, a can ya ƙare aikinsa. Da ya yi ritaya ya dawo gida, ya buɗe tagar ɗaki guda, ya kafa tebur. Tun daga lokacin ake kawo masa littattafan da gara ta ci, da waɗanda ruwan damina ya jiƙa, da waɗanda masu su suka yi wa gyaran gaggawa suka ƙara lalata su.

Ba a shiga ɗakin nan da fura ko shayi. Ko limami ne sai ya wanke hannu ya goge a bakin ƙofa. Gam na kasuwa bai taɓa shiga ba; sitacin alkama ake dama masa, ya tace, ya shafa da ɗan buroshi a kan wata siririyar takarda da ake ganin hannu ta cikinta, ya ɗora a kan yagewar. Idan damina ta yi nisa, ɗakuna suka fara warin laima, sai ya bi gidajen da ya yi wa gyara yana tambaya, "Kun fito da shi ya sha iska? A inuwa fa, ba a rana ba."

Akwai abin da ba ya yi ko da wa ya roƙe shi. Na taɓa tarar da wani malami daga Bangi yana lallashinsa. Gara ta cinye kalma biyu a tsakiyar aya, Kawu ya cike ramin da farar takarda ya bar wurin haka.

"Malam, ai ka san ayar," in ji baƙon. "Ga tawada, ga alƙalami. Cike mana."

"Na san ta, kai ma ka san ta," in ji Kawu. "Amma ba ni na rubuta littafin nan ba. In na sa hannuna a cikin nasa, jikanka zai ɗauka duk rubutun kakansa ne. Rubuta kalmomin a wata takarda ka saka a tsakani."

Malamin ya tafi ransa bai so ba. Bayan wata biyu ya sake kawo wani littafin.

Wata rana kuma wata tsohuwa Bakambara ta zo da hoton ɗanta da ya rasu, shi kaɗai gare ta. Rufin ɗakinta ya yi yoyo, hoton ya manne da gilashi. Hausarta ba ta fita sosai, kuka ya ƙara tauye ta. Hoto ba fanninsa ba ne, ya gaya mata hakan. Ya kuma gaya mata in aka ɓamɓare, fuskar za ta biyo gilashin. Kwana huɗu ya yi yana busar da shi a hankali, ya goge abin da zai gogu, ya ɗauke shi da kansa zuwa wajen mai hoto aka ɗauki hoton hoton, aka wanko guda uku. Ya ce ta ajiye ɗaya a ɗakinta, biyu ta ba 'yan'uwa a gidaje dabam-dabam, don ruwa ba zai ci gida uku rana ɗaya ba.

Maganar tafiyarsa ƙasar waje ta hannuna ta biyo, don shi ba ya da imel. Wata Baturiya da suka taɓa aiki tare a Kaduna ce ta rubuto. Ta ce akwai wata gidauniya da ke ba masana adana kayan tarihi tallafi su je wata ƙasa su koyar, su kuma yi bincike na wata shida. Ta ce a gidan tarihin da take aiki a Turai akwai akwatuna cike da rubuce-rubucen ƙasarmu, ba wanda ya san yadda ake riƙe su kamar Kawu. Na cike masa fom. Aka hana shi. Dalili: ba ya da digiri.

Da shekara ta zagayo na ce ba za a sake yi mana haka ba. Na zauna na gyara tarihin aikinsa. Na cire shekarun shara. Wani ɗan kwas na sati shida da ya taɓa yi a harabar wata jami'a na rubuta shi yadda mai karatu zai ɗauka karatun jami'a ne. Na mai da shi shugaban sashe. Na kuma ce littafi in ya fito daga hannunsa sai ka rantse sabo ne. Na kai masa ya sa hannu.

"Malama," haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "karanta mini da Hausa. Layi-layi."

Turancinsa na aiki ne, yana ji, amma yana so ya ji daga bakina. Na fara karantawa ina tsallake wasu wurare. Ya sa yatsa a kan layin da na tsallake.

"Wannan fa?"

Na faɗa masa.

"Yaushe na zama shugaba?"

"Kawu, kai kake yin aikin, wani yana karɓar sunan. Ai gaskiya ce ta wata fuska. Kuma kowa haka yake yi."

"Sannan wane littafi na mayar sabo? Wanda ya mayar da tsohon littafi sabo ai ya kashe shi. Kin ƙara mini abin da ba nawa ba, kin kuma cire abin da yake nawa. Ina tsintsiyata?"

Ranar ya ɗaga murya, ni ma, Allah Ya yafe mini, na ɗaga. Na ce na kwashe sati biyu ina wahala a kan kwamfuta don shi, in yana so ya mutu a ɗakin nan ba wanda ya san shi, to ya zauna. Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi wa Baaba ba.

Kwana goma sha biyu ban taka gidan ba. Ran nan da hantsi sai na ji sallamarsa a zaurena. Kawu bai saba zuwa gidana ba sai da dalili babba. Ya zauna a kan tabarma ya ciro wata ambulan cike da hotuna, kowane littafi kafin gyara da bayan gyara, a baya an rubuta garin da ya fito da abin da ya same shi.

"Ban kyauta ba da na yi miki tsawa," in ji shi. "Amma takardar can ba zan sa mata hannu ba. Ga abin da na yi. Shi za ki rubuta. Ki fara da shara."

Na rubuta haka. Aka sake hana shi. Da na kai masa labarin ya dube ni ya ce, "Na ga 'ai na gaya maka' a bakinki, haɗiye ta." A shekara ta uku ne gidauniyar ta sauya ƙa'ida, ta fara karɓar shekarun aiki a madadin takardar makaranta. Muka tura takardar nan ta bara ba mu canza ko waƙafi ba. Aka ba shi. Lokacin ya doshi saba'in.

Muna murna sai ga rigimar da ban yi tsammani ba. Kawu Babba ya zo gidan da sandarsa, ya ƙi zama.

"Littattafan da ke can, da ƙafarsu suka je?" in ji shi. "Kwashe su aka yi daga ɗakunan kakanninmu. Yanzu kai za ka hau jirgi ka je ka gyara musu, su ƙara shekara ɗari suna riƙe da su. Har ka koya wa 'ya'yansu, don kada su sake neman ka."

"Yaya, in na ƙi zuwa, za su dawo da su gobe?"

"Ko ba su dawo da su ba, ba da hannunka ba."

"In ranar dawowarsu ta zo, ina so a sami abin da za a dawo da shi. Kada a kawo mana gari a cikin akwati."

Kawu Babba ya juya ya fita. Ranar tafiya bai zo tasha ba. Ni kaina, ko da yake ni na cike fom ɗin, maganarsa ta dame ni, har yau ban gama raba gardamar a zuciyata ba.

Daga can Kawu yakan kira ni ranar Juma'a. Ya yi ƙorafin sanyi, da abinci marar yaji, da ranar da ke faɗuwa kafin mutum ya gama La'asar. Amma muryarsa ta koma ta saurayi. Ɗalibansa goma sha ɗaya. Ya tarar an jera warƙoƙin wasu littattafai a birkice, don namu ba a ɗinke suke ba, a sake suke cikin tadarishi. Ya nuna musu 'yar kalmar da marubuci kan sa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, suka bi ta suka mayar da kowace warƙa wurinta. Ya hana su ɗinke su kamar littafin Bature. Ya kuma ce shi ma yana koyo: sun nuna masa tawadar da ke cin takarda a ƙarƙashin madubin ƙara girma, abin da ya yi shekara arba'in yana gani da ido bai san dalilinsa ba.

A wata na uku ya kira ni ranar da ba Juma'a ba. An kai shi wani ɗakin ajiya an nuna masa ƙore masu zane, irin na Fulani, da yawa sun tsage. An taɓa liƙe su da gam, sun sake tsagewa a gefen gam ɗin. Suka ce ya koya musu gyara.

"Me ka ce musu?"

"Na ce ban iya ba. Amma na san wadda ta iya. Ki nemo mini Goggo."

Goggo wata dattijuwar Bafulatana ce da ta yi shekaru tana kawo wa Baaba nono da man shanu, gwana ce wajen ɗinkin ƙwarya. Ta daɗe ba ta shigo gari ba. Rugarsu ta tashi sau uku saboda rashin kwanciyar hankali a dajin, kuma hanyar ba a bin ta sai da addu'a. Maigidana ya yi ta tambaya har aka ce tana fitowa kasuwar Beri. Muka bi motar safe.

Mun same ta a layin masu nono. Da na yi mata bayani ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce Modibbo, haka take kiran Kawu, ya tsufa ya fara wasa da mutane. Da ƙyar ta yarda ta biyo mu gindin wata kaɗanya a bakin kasuwa, inda waya ke kamawa. Ta zo da tsagaggiyar ƙwarya da basilla da zaren kaba, muka aro garwashi wajen mai ƙosai. Na riƙe wayar. Ga Kawu cikin rigar sanyi da hularsa, bayansa ɗalibai sun yi cirko-cirko da littattafan rubutu.

Suka nuno mata ɗaya daga ƙoren. Ta matso da ido, dariyar ta ɗauke.

"Wa ya zuba mata gam?" in ji ta. "Modibbo, gaya musu ƙwarya ba kwano ba ce. Da damina takan saki jiki, da rani ta tsuke. Gam ba ya bin ta. Zare shi ke bin ta."

Kawu ya fassara, suka duƙa suna rubutu. Ta ɗumama basilla, ta huda gefe da gefen tsagar, ta fara ja tana ɗaurewa. Sau biyu waya ta yanke. Wata ɗaliba ta nemi ta maimaita ƙullin, ta maimaita, ta ce a gaya wa yarinyar ta ajiye biro ta ɗauki zare, da yatsa ake gane shi. Da aka gama sai ta tambaya, nonon wa ake zubawa a ƙoren can?

"Ba a zuba komai, Goggo. Kallonsu kawai ake zuwa yi."

Ta juya tata ƙwaryar a hannu. "To Allah Ya sa masu su sun bayar da daɗin rai," in ji ta. Wannan Kawu bai fassara ba sai da ɗaliban suka matsa masa.

Sau huɗu muka koma Beri. Da aka zo rubuta rahoton ƙarshe, Kawu ya ce a sa sunan Goggo a jerin malaman kwas ɗin. Aka ce tsarin bai tanadi haka ba, a sa ta a wajen godiya. Ya ce godiya ta mai kawo shayi ce, wannan koyarwa ta yi, kuma ba zai sa hannu ba sai an gyara. Aka gyara. Da ya dawo, da kansa ya kai mata takardar shaidarta. Ta juya ta sama da ƙasa, ta ce me za ta yi da ita, sannan ta naɗe ta a gyale ta saka cikin babbar ƙwaryarta.

Washegarin dawowarsa, kafin ya karɓi 'yan sannu da zuwa, ya tafi gidan Kawu Babba, ni na rako shi da kayan. Hotunan shafukan littattafai ne, shafi-shafi, na duk abin da ya taɓa a can wanda ya fito daga ƙasarmu. Sharaɗin da ya kafa musu ke nan tun farko. Kawu Babba ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Leɓensa na motsi, yana bin rubutun.

"Sun ce za su dawo da su?"

"Ba su ce ba, Yaya. Na tambaya a gaban manyansu, sau biyu. Sun ce ana magana."

"To." Ya tattara hotunan ya tura ƙarƙashin buzunsa. "Ka rame. An ba ka abinci kuwa?"

Iyakar sulhun ke nan. Ba wanda ya ce ya yi kuskure, kuma har Kawu ya rasu kowa yana kan bakansa.

Shekara biyu bayan haka hannunsa na dama ya fara rawa. Da fari ya ɓoye. Ranar da buroshi ya kuɓuce masa ya shafi rubutu, ya ajiye shi, bai sake taɓa takardar kowa ba. Ya yi wata guda yana zaune a bakin ƙofar ɗakin, ba ya shiga. Wannan watan ya fi rawar hannun cin sa.

Ranar Asabar ta ƙarshe da na gan shi da ƙarfinsa, na shiga gidan da hantsi na ji motsi a ɗakin aiki. Na leƙa. Baaba ce zaune a kujerarsa, ta ɗaure ɗankwali, hannuwa a wanke, buroshi a yatsunta. Shi yana gefe a kan kujerar roba, ya danne hannun dama da na hagu. Ashe duk shekarun da take dama masa sitacin nan tana kawowa, ba ajiyewa kawai take yi ta fita ba. Ba wanda ya taɓa tambayarta, har ni.

Tana haɗa yagewa a gefen wata warƙa. Ya miƙa wuya yana kallo.

"Ya yi yawa," in ji shi. "Rage."

"Bai yi ba."

"Na ce ya yi yawa."

Ta ɗora siririyar takardar, ta danna da ɗan ƙashi mai santsi, ta ɗaga warƙar ta nuna masa a hasken taga. Ya daɗe yana dubawa, ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Sai ya koma ya jingina, ya yi wata dariya da na daɗe ban ji ba.

"Bai yi ba," in ji shi. "Ɗauko ta gaba."

Kwana goma tsakani ya rasu.

Ya Allah, bawanKa ya zo maKa. Ka rufa masa asiri, Ka haskaka kabarinsa, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka ba Baaba da Kawu Babba haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da kalmar shahada.